Kamfar da Ta Ƙi Narkewa

Maharazu yana da shagon taki da maganin feshi a Kura. Ƙofa ɗaya ce tana kallon titin Zariya, tsakanin mai faci da wani injin casar shinkafa. Shekara tara ya yi a wannan ƙofar, kuma manoman rani na Karfi da ƙauyukan da ke bin kanal har Bunkure sun san shi da abu ɗaya: in ya ce buhu cikakke ne, ba sai an ɗora a sikeli ba.

A shekarar da dala ta haura naira dubu da ɗari biyar, taki ya gagari talaka. Buhun kamfa, takin da ake fara ba shinkafa bayan dashe, ya doshi dubu arba'in da biyar. Manomi zai shigo ya tambayi kuɗi, ya shafa buhun kamar mai duba marar lafiya, ya fita. Kullum a kan bencin ƙofar shagon maganar ɗaya ce. Wani ya ce ya ji a rediyo yaƙin Rasha ne ya tare jiragen ruwa, wani ya ce iskar gas ce ta yi tsada a duniya, wani ya ce masu yin takin a nan gida ma sun fi son mai saye da dala.

Baba Dattijo, wani Bafulatani da ya daɗe da zama a gefen kanal yana noma yana kiwo, shi ne shugaban manoman da ke shan ruwa a layinsu. In an gama bayanin sai ya gyara sandarsa ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin dalar nan da idona ba. Amma duk sati sai ta shigo gonata ta ɗebi wani abu."

Ana saura kwana goma azumi, ana tsakiyar dashe, wani mutum ya tsaya da mota a ƙofar shagon. Ya ce sunansa Alhaji Maikuɗi, yana da kamfa a wani sito a hanyar Madobi, tsohon kaya ne da aka shigo da shi tun dala ba ta haukace ba, mai shi yana son kuɗi da gaggawa. Dubu ashirin da bakwai buhu.

Maharazu ya bi shi ya gani. Buhuna ne sababbi fil, an jera su har rufi. Maikuɗi da kansa ya jawo ɗaya daga bakin ƙofa ya farke, Maharazu ya tsoma hannu, ya murza, ya shinshina, har ya ɗora ƙwaya ɗaya a harshe. Taki ne mai kyau. Bai ce a zaro masa wani daga tsakiya ba. Ya tattara jarinsa gaba ɗaya ya ɗauki buhu ɗari da tamanin.

Ya sa shi dubu talatin da biyu. Kwana shida aka yi ana layi a ƙofarsa, har da masu zuwa da kura da amalanke, ana sa masa albarka. A cikin masu sayen akwai Uba, wani saurayin magidanci mai saurin fushi, wanda ya sayar da adaidaita sahunsa ya kama hayar eka biyu don ya gwada shinkafar rani. Filin nasa yana manne da eka ɗayar da Maharazu ya gada a bakin kanal.

Shi Maharazu bai zuba sabon takin a tasa gonar ba. Akwai buhu biyu na bara da ɓera ya huda, ba mai sayensu, sai ya share su ya ɗure a wani buhu ya kai gonarsa. A lokacin gani yake ya yi wa kansa rowa ne don ya bar wa mutane mai kyau.

Kwana goma sha biyu da zuba taki, ya hau babur da hantsi ya bi gefen kanal don ya duba ruwa. Tun daga nesa ya ga launin filin bai yi masa ba. Shinkafar da ta sha kamfa, a irin wannan lokaci ta yi kore shar, ta fara 'ya'ya, ta rufe ruwan fangali. Wannan kuwa ta tsaya cak, siririya, ganyen ya yi rawaya kamar an watsa mata ruwan zafi. Ya wuce fili ɗaya, ya wuce biyu, ya wuce goma. Yana tafe yana gane masu su, kuma kowanne a wurinsa ya sayi taki.

Da ya iso tasa gonar sai ya taka burki ya kasa sauka. Tasa ta yi baƙi-baƙi don kore, ta cika ta tumbatsa, ita kaɗai a tsakiyar rawayar nan, ana hango ta tun daga gadar kanal.

Uba yana tsaye a kan kunyar da ta raba su, wando a naɗe, fartanya a kafaɗa.

"Mai shago, barka da hantsi," in ji shi. "Me ka ba taka da ba ka ba tamu ba?"

"Wataƙila iri ne," Maharazu ya ce. Shi kansa ya ji muryarsa ta canza.

"Iri ɗaya muka saya. A gabanka."

"To ko ruwa ne ya kwanta mata."

Uba ya gyara fartanyar a kafaɗarsa. Ya kalli tasa, ya kalli ta Maharazu, ya daɗe yana kallo.

Buhu bakwai suka rage a shago. Maharazu ya shiga ya jawo ƙofa, ya bar ɗan tsagi don haske. Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya farke buhu, ya zuba kwano guda ya motsa da hannu. Taki na gaske in ya shiga ruwa narkewa yake yi, ruwan ya yi sanyi har ka ji a yatsunka. Wannan ruwan bai yi sanyi ba. Ya rine ne kawai, ja-ja da shuɗi-shuɗi, rinin ya kama masa tafin hannu. Da ya tsiyaye, sai ga tsakuwa 'yan ƙanana da farar ƙasa sun kwanta a gindin bokitin, kusan daidai da abin da ya zuba. Ya farke na biyu, haka. Ya farke duka bakwai ɗin.

Ya zauna a ƙasa a cikin buhunan. Azumi ya riga ya busar masa da baki. A waje wani ya buga ƙofa yana tambayar maganin ciyawa. Maharazu ya riƙe numfashi har mutumin ya gaji ya tafi.

Lambar Maikuɗi a kashe take. Ya kira ya fi sau ashirin, sannan ya hau babur ya nufi hanyar Madobi. Siton yana rufe da sabon kwaɗo. Mai gadin wurin ya ce sati uku kawai mutanen suka kama haya, kuma tun kafin a ga wata suka kwashe komai, bai san inda suka yi ba.

A gindin bango wani mutum yana zaune, hannunsa a ɗaure da ƙyalle an rataya a wuya, gefen fuskarsa a kumbure. Ya kalli tafin hannun Maharazu da rinin bai fita ba, ya ce, "Kai ma ka jiƙa ka gani ke nan. Buhu nawa ka ɗauka?"

Sunansa Mudassiru, shi ma mai shagon taki ne a wani ƙauye a bayan Garun Mallam. Manoman ƙauyensu sun riga na Kura dashe da sati guda, don haka sun riga ganewa.

"Ranar Juma'a aka sauko daga masallaci aka yo kaina," in ji shi. "Mutanen da na yi wa suna, na yi wa biki. Suka fasa shagon suka cinna masa wuta. Da maganin feshin da ke ciki, har yanzu unguwar wari take. Ni ta katanga na tsira. Na kai iyali Zariya, kullum nakan zo nan in zauna ko Allah zai sa mutumin ya dawo."

"Ba ka gaya musu ba ka sani ba?"

"Wa zai ji? Mutum ya ga abincin shekararsa yana mutuwa a tsaye? Malam, in kana da inda za ka je, ka kwashi 'ya'yanka yau. Kada ka bari Juma'a ta same ka a gari."

Ran nan Laraba ce.

A hanyar komawa duk wanda ya ɗaga masa hannu sai ya kau da kai. Bai bi ta titi ba, ya zaga ta bayan injinan casa ya shiga gida ta lungu. Matarsa Khaulat tana tsakar gida tana jajjagen buɗa-baki, 'yarsu Ummi tana barci a tabarma. Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye taɓarya.

Ya gaya mata komai a tsaye, da muryar da ba ta wuce su biyu ba.

"Innalillahi," ta ce, ta dafe bango. "Ashe shi ya sa. Ɗazu da na je gidan turarar shinkafa, ina shiga mata suka yi tsit. Iya mahaifiyar Uba ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba."

"Na yi tunanin in je in toshe ruwan tawa gonar. Kwana uku ba ruwa, ita ma za ta yi yaushi."

"Baban Ummi, duk wanda ya bi gadar nan ya riga ya gan ta. In ta mutu yanzu cewa za a yi ka ɓoye sawu."

"To mu tafi. Ki ɗaure abin da za ki iya, mu kwana a Zariya."

Ta kalli ɗakinta, ta kalli yarinyar. Can ta ce, "Ita shinkafar tasu, ta mutu ke nan? Ko da sauran rai?"

Bai yi tsammanin wannan tambayar ba. Tun safe kansa kawai yake tunani. Ya tsaya ya ƙirga kwanakin dashe. Shinkafar ba ta yi wata ba. In ta sami taki na gaske a cikin satin nan za ta farfaɗo, ko da ba za ta yi yadda ya kamata ba. In aka ƙara kwana goma mutane suna zargin iri da ruwa, shi ke nan.

"Da saura," ya ce. "Amma sai in sun san yunwa ce ke damunta."

"Kuma kai kaɗai ka sani."

Ta koma ta ɗauki taɓaryar, amma ba ta ci gaba da dakan ba. Da aka kira magariba ruwa kawai suka iya sha.

Washegari da sassafe ya ɗaure buhu ɗaya da bokiti a bayan babur ya tafi gidan Baba Dattijo, can inda kanal ya yi kwana. Ya same shi a cikin shanu. A nan bakin garke ya jiƙa takin ya tsiyaye ya miƙa masa bokitin. Tsohon ya ɗebi tsakuwar ya murza a tafinsa. Buhu huɗu shi ma ya saya, da kuɗin ɗan maraƙi.

"Yaushe ka sani?"

"Jiya, Baba."

"Ka rantse?"

"Wallahi, da azumi a bakina."

"Taka gonar fa?"

Ya ba shi labarin buhunan da ɓera ya huda. Dattijo ya girgiza kai. "Gaskiya ce, na ji a jikina. Amma gaskiya ce mai kama da ƙarya, ba kowa zai haɗiye ta ba." Ya kalli shanunsa. "Kada ka faɗa a cikin gari. A bakin titi akwai zauna-gari-banza, akwai masu sayar da fetur a galan. Zan tara masu gonakin su kaɗai a bakin ƙofar ruwa ta kanal, yau da hantsi. Ka tsaya kusa da ni. Ko me aka yi maka kada ka gudu. In ka juya baya, ni ma ba zan iya tare su ba."

Mutum sun fi sittin da suka taru. Daga cikin gona suka fito, kowa da abin aikinsa, fartanya, lauje, adda. Maharazu yana tsaye a kan simintin ƙofar ruwa, kanal cike a bayansa, babu hanyar fita sai ta cikinsu. Dattijo ya yi sallama ya ce mai shago yana da magana, a bari ya kai ƙarshe.

Bai iya dogon bayani ba. Ya ɗebo ruwa daga kanal, ya zuba takin, ya motsa, ya tsiyaye, ya juye tsakuwar a kan siminti a gabansu.

"Abin da na sayar muku ke nan," ya ce. "An cuce ni, ni kuma na kawo muku. Ban sani ba sai shekaranjiya... sai jiya."

Suka matso suna kallon tsakuwar. Sannan wani daga baya ya ce, "Shekaranjiya ko jiya?" Hayaniya ta tashi gaba ɗaya. Ya ji ana cewa ɓarawo, ana cewa a duba gonarsa, ana cewa a jefa shi a ruwa. Da'irar ta matso. Bai ga lokacin da Uba ya keto ba, sai dai ya ji ƙotar fartanya a gefen kansa, ya faɗi a kan gwiwa, jini ya rufe masa ido ɗaya. Yana ganin ƙafafu cike da taɓo suna matsowa, ya fara kalmar shahada.

Dattijo ya tsallake shi ya tsaya, ƙafa ɗaya a kowane gefe, ya gitta sandarsa.

"Buhu huɗu na saya!" ya ɗaga murya. "Wa ya fi ni asara a nan in ban da mutum uku? Ku kashe shi, sai ku zuba jininsa a fangali ku gani ko shinkafa za ta tashi. Mutumin nan da ya so, da yanzu yana Zariya, ku kuna nan kuna zagin mai iri har ta bushe. Kwana biyar gare mu. Ku tambaye shi abin da yake da shi."

Ba su yi shiru don sun yarda ba. Maganar kwana biyar ɗin ce ta tsayar da su.

A durƙushe, yana danne goshinsa da hula, Maharazu ya lissafa abin da ya mallaka: kuɗin cinikin da ke hannunsa, magungunan da ke shago, babur ɗinsa, da gonar nan mai kore da abin da ke cikinta. Ya ce a sayar a sayo taki a raba. Dattijo ya zaɓi mutum uku su je Kano su sayo da kansu, su jiƙa daga kowane buhu kafin a loda.

Kafin Juma'a ta zagayo taki ya ƙara dubu biyu, wai dala ta sake motsawa. Abin da aka samo bai kai wanda aka yi asara ba, kowa ya sami wajen kashi biyu cikin uku. Shinkafar ta farfaɗo, amma ta riga ta yi latti. Inda ake tashi da buhu ashirin da biyar a eka, aka tashi da sha biyu, sha uku. An kai ƙara wurin 'yan sanda, an rubuta, ba a sake jin labarin Maikuɗi ba.

Ba a ƙone shagon ba, amma babu abin da ya rage a ciki, mai ginin ya ba wani mai cajin waya. Maharazu ya koma shanyar shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a filin wani injin casa, ana biyansa kullum. Wasu suna gaishe shi, wasu in sun hango shi sai su tsallaka titi. Har bayan babbar salla, in aka yi sallama da ƙarfi a ƙofar gida sai Khaulat ta jawo Ummi ta shige ɗaki.

Uba ne ya fi tsaya masa a rai. Bayan ya biya hayar fili da masu yanka, abin da ya rage masa bai kai kuɗin tayoyin adaidaitar da ya sayar ba. Bai sake yi wa Maharazu magana ba. Amma sau biyu Maharazu yana ɗagowa daga shanya ya gan shi a tsallaken titi yana kallonsa.

Wata ranar Asabar bayan la'asar aka yi sallama. Maharazu ya gane muryar. Khaulat ta riƙe masa riga tana girgiza kai, ya zame hannunta a hankali ya fita. Uba yana tsaye a zaure, da wani buhu a rataye a kafaɗa, hannunsa ɗaya a ciki. Maharazu ya tsaya a inda ƙofa take a bayansa, idonsa a kan hannun.

"Tafiya zan yi," in ji Uba. "An ce ana haƙar zinare a can wajen Neja. Motar tana jira a Kwanar Gafan."

"Allah ya tsare hanya."

"Ban yafe maka ba. Kada ka ɗauka yafiya ce ta kawo ni."

"Na sani."

Uba ya zaro hannunsa daga buhun. Wata leda ce, da katin asibiti da kwalayen magani a ciki.

"Na Iya ne, na hawan jini. Duk wata ake karɓo mata, ba ta iya karanta na safe da na dare ba. Matata ta tafi gidansu, ƙannena mata duk suna aure nesa." Ya miƙo ledar ba tare da ya kalle shi ba. "Na duba garin nan kaf, kowa yana fama da kansa. Kai ka jawo na bar ta. Kai za ka riƙa duba ta."

Maharazu ya karɓa da hannu biyu. Uba ya gyara buhunsa ya fita, bai waiwayo ba.

Ya tsaya a zauren har Uba ya sha kwana. Da ya shiga, Khaulat ta zazzage ledar a tabarma, suka ware kwalayen, ta ɗaura wa na safe jan zare. Washegari kafin ya tafi shanya ya biya gidan Iya. Ya yi sallama sau uku kafin ta amsa, kuma da ta fito ba ta ce ya zauna ba. Ya ɓallo mata ƙwaya ɗaya, ya tsaya har ta haɗiye, ya ce zai dawo da magariba.